Gammon Hajo

Tun da Hajo ta faɗi a banɗaki ta bugu a ƙugu, zama ya gagare ta. Ga ƙanwarta Saudatu ta zo Umra daga Sakkwato, tafiyarsu gida ta matso, kuma tsofaffin nan sun ƙulla niyyar yin ɗawafi tare, don ba wadda ta san ko za su sake ganin juna. Keken da za a tura Hajo yana nan a gidansu na unguwar Tandabawi a Makka, sai dai ba ta iya hawa.

Jikarta Shaima haihuwar Makka ce, Hausarta rabi Larabci. Ta sayo soso mai kauri ta shimfiɗa a keken. Hajo na zama ta zabura da salati.

"Ke Balarabiyar ƙarya, gammo na ce miki!"

"Mene ne gammo, Kaka?"

Hajo ta juya fuska bango, zafi ya hana ta magana.

Yaran yanzu, da an tsawata musu sai su shige ɗaki su rungumi waya. Shaima ba ta cikinsu. Ta kira kawunta Taha a shagonsa na Rusaifa.

"Gammo? Ni dai na san maciji ke yin gammo," in ji shi. "Ki duba ƙarƙashin gado!"

Ba ta yi dariya ba. Cikin ranar nan ta Makka ta hau mota zuwa Kudai, masaukin Saudatu. Da jin tambayarta, tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta kwance ɗankwalinta, ta murɗa, ta naɗe shi zobe, ta ɗora a ka.

"Ga shi, 'yar nan. Da shi ni da kakarki muka ɗauki tulu da itace, kai bai taɓa ciwo ba."

Shaima ta karɓa, ta zura yatsa a ramin tsakiya. Ashe ba laushi kaɗai kakarta ke nema ba. So take kada wurin ciwon ya taɓa komai.

Da ta koma gida ta fito da mayafanta, har da sabon da ta ajiye don Salla, ta murɗe su wuri guda, ta naɗa ƙaton gammo a kan keken. Hajo ta dafa kafaɗarta, ta sauka a hankali. Ta jira zafin. Bai zo ba.

"To, me kike kallo?" ta ce. "Tura ni, Saudatu na jira a Harami."