Wushiryar Gudiya

Gudiya ta kurkure baki ta tofar a tasa, ta ga jini, ta kau da kai. Daga Maiyama ta zo Jega, don ta ji an ce yau likitan dasashi zai zo daga Birnin Kebbi.

"Wannan wushiryar, da ita aka haife ki?" in ji likita.

"A'a, bara tab buɗe. Kyauta ta daga Allah."

"Ciwo ne, Malama. Dasashi ya ruɓe ta ciki, ƙashin da ke riƙe haƙoran yana cinyewa, shi ya sa suka rabu. Sai mun kankare ƙarƙashin dasashin, mu haɗe su da waya. In an bar su, zubewa za su yi."

"In kun haɗe su, wushiryar fa?"

"Ta tafi ke nan."

Nan gizo ke saƙa. Mijinta Ɗantsoho, dillalin albasa a Aliero, ya yi shekaru in ya shigo gida kwanon tuwo yake kallo, ba ita ba. Sai da haƙoran nan suka rabu bawan Allah ya tuna yana da mata. Ya raɗa mata suna Ta-Wushirya, yana tsokanarta don ta yi dariya, har tsire yake kawo mata. Ita kuwa ba ta iya taunawa. Tsotsewa take yi ta jefa wa kyanwa in ya juya baya. Tana son wannan suna, kuma tana tsoron ranar da zai daina kiranta da shi. Gaba kura, baya siyaki.

"A fara yau?" likita ya tambaya.

"Bari in shawarci maigida."

A bakin ƙofar asibitin ta tarar da maigidan kan babur, da ƙunshin tsire a hannu. Kasuwa ya baro ya biyo sawunta, abin da bai taɓa yi ba.

"Ta-Wushirya! Mi yac ce?"

Ta buɗe baki za ta faɗa, ya riga ta.

"Su yi miki komi, amma kas su taɓa min ita."

"Ya ce lahiya lau nike," in ji ta.

"Madalla! Ungo, ci da zahinai."

Ta karɓi tsinken. Yana kallon bakinta, fuskarsa cike da murna, babu kyanwa a kusa. Gudiya ta tokare haƙoran da harshe ta ciki, ta yi masa murmushi, ta gatsa.