Jima a Bakin Korama

"Kaltuma, leƙo ki gani, abin ga ya hita."

Na leƙa ta kan danga. Maƙwabciyata Jima na zaune a gindin turmi, riƙe da siririn tiyon da likitoci suka bar mata a ciki bayan aikin hanta. Ta nan ruwan maɗaciya ke sauka cikin kwalbar da take ɗaurewa a ƙugu. Sun ce hanyar ruwan ce ta toshe bayan ɗinki, sai da kaka za a sake aiki.

Ba ta tsorata ba. Ta wanke tiyon, ta ƙulle a bakin zane.

Ba a daɗe ba idanunta suka koma kamar garin ɗorawa, ƙaiƙayi ya hana ta sakat, zazzaɓi ya biyo baya. Malamin asibitin garinmu ya duba ta, ya ce wa mijinta Ango, "Wanga ya hi ƙarhina. Ku maishe ta inda anka yi aikin, yau ɗin nan."

Muka kwantar da ita a amalanken jaki, muka nufi inda ake samun motar Madawa, garin da aka yi mata aikin. Ashe an sha ruwa a kan duwatsu, korama ta cika ta batse. Ango ya shiga har ƙirji, ruwa ya koro shi. Ga motar can a ƙetare, muna kallonta.

Muka fake a inuwar wata aduwa, kanta bisa cinyata.

"Kin ga shanun babana?" ta tambaye ni.

"Ina?"

"Ga su can cikin ruwa, hwarhwaru. Sannu suka tahiya, ko jiƙewa ba su yi ba."

Na duba. Kumfa ce da kararen dawa ke wucewa.

"Na gan su," na ce.

Ta yi murmushi. "Sosa min baya, Kaltuma. Ƙasa kaɗan. Yauwa, nan."

Na yi ta susa, tana kiran shanun da sunayensu, muryarta na yin nisa. Ango ya durƙusa yana maimaita mata kalmar shahada, leɓenta na binsa.

Da la'asar ruwa ya janye. Direba ya ƙetaro da wando a naɗe, ya tarar mun rufe mata fuska. Ya cire hula, ya tsaya tare da mu.

Muka juya amalanke. Ango bai riƙe igiya ba, jakin ya san hanya. Shamuwa biyu na takawa a hankali cikin jiƙaƙƙen gero, ba su tashi ba da muka wuce.