Ranar da Ruwa Ya Tare Nafissa a Ƙasar Samburu

Issoufou da kansa ya koya wa ɗiyarsa Nafissa hawan babur. Shekara tara ya yi yana kabu-kabu da babur a Maraɗi kafin ya zo New York ya buɗe shagon atamfa da turare a titi na 116, cikin Harlem. Saboda haka ranar da Nafissa, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Bronx, ta ce ta ɗauki hutu za ta bi wasu mahaya biyar su ratsa arewacin Kenya, ƙasar makiyayan Samburu, bai iya hana ta ba. Wanda ya ɗora yaro bisa jaki ba ya cewa ya yi nisa.

Kwana shida tana turo hotuna: jar hanya duk tsakuwa, raƙuma, mata da duwatsun wuya har kafaɗa. A rana ta bakwai, yana ɗaga ƙofar shago da safe, wayarsa ta yi ƙara. Wani Bature ne, jagoran tafiyar, yana ta zuba Turanci da sauri. Abin da Issoufou ya tsinta kawai sunan ɗiyarsa ne da kalmar ruwa.

Ya ruga shagon maƙwabcinsa Abdul-Karim, tela mutumin Kumasi, ya miƙa masa wayar.

"Don Allah saurara mini. Mi yake cewa?"

Abdul-Karim ya saurara, ya ajiye almakashi a hankali. "Alhaji, zauna tukuna."

"Ban zamna ba! Faɗa mini."

"An yi ruwa kan duwatsu. Suna ƙetare busasshen rafi, biyar sun haye, ita ce ta ƙarshe. Sai ga ambaliya ta taho. Sun ga babur ɗin yana tafiya cikin ruwa. Ita ba su gan ta ba."

Issoufou ya san irin wannan rafi. A Gulbin Maraɗi ya taɓa ganin ruwa ya zo rana tsaka, sama tas babu gajimare, ya kwashi amalanke da shanunta. Ya zube kan tulin yaduka. Ya so ya yi addu'a, amma babu abin da ya zo bakinsa sai sunanta. Ya nemo lambar matarsa Zuweira, wadda ke wurin aikin kula da wata tsohuwa a Parkchester, ya daɗe yana kallonta, ya kasa dannawa.

Ya koma shagonsa, Abdul-Karim ya bi shi. Awa guda ta wuce. Wata mata ta shigo neman leshi, ta dubi fuskarsa, ta juya ta fita. Ya kira wayar Nafissa ya fi sau talatin, a kashe.

Wajen sha ɗaya saura, wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar mace ce, tana haki, iska na kaɗawa a bayanta. Ta yi magana da wani harshe da bai taɓa ji ba, sannan da gurgun Turanci ta ce ɗiya, ta ce ƙafa. Layin ya yanke.

"Gawa suka tsinta," in ji Issoufou. "Abdul-Karim, gawa suka tsinta."

"Ba wanda ke maganar ƙafar gawa, Alhaji. Kira ta."

Ya kira, ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Ya fita bakin titi yana ɗaga wayar sama, sai ka ce shi ne ba shi da sabis a tsakiyar Harlem. Yana nan tsaye, motar bas na huci a gefensa, saƙon murya ya faɗo.

Ya koma cikin shago da gudu, ya miƙa wayar. Abdul-Karim ne ya danna.

"Baba, ni ce." Nafissa, wadda tun tana ƙarama in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa, yau Hausa take yi tsantsa, muryarta a dishe. "Ina da rai. Ruwa ya jefa ni cikin saiwar wani icce, na riƙe. Wasu mata da ke kiwon awaki suka ƙulla zannuwansu suka jawo ni. Ƙafata ta karye, sun ɗaure da sanda, ɗaurin ya yi kyau, na duba. Ina ɗakin wata mata, Nasieku. Wayarta ce wannan. Nan babu sabis, sai ta hau dutse, tafiyar kusan awa guda. Ruwan rafin bai janye ba, mota ba ta iya zuwa sai gobe. Baba, ina jin tsoro, amma suna zaune da ni. Kada ka gaya wa Inna ta waya."

Issoufou ya saurari saƙon sau huɗu. A na huɗu ya ji kukan ɗan akuya a bayan muryarta, da wata tsohuwa tana rarrashi da harshensu, a nan ne hawaye suka kece masa.

Abdul-Karim ya kira Baturen ya karanta masa lambar matar. Baturen ya ce za su kwana a bakin rafin, da ruwa ya ja su haye su kai ta asibiti a Maralal.

Issoufou ya wanke fuskarsa a famfon bayan shago, ya ja ƙofa ya kulle da rana tsaka. Ya gangara tashar jirgin ƙasa, ya shiga mai lamba shida zuwa Parkchester. Ko da jirgin ya fito daga rami ya hau gada, bai riga ya samo kalmar da zai fara gaya wa Zuweira ba.