Dutsen Gidan Nikandar

Tun da aka binne Nikandar, matarsa Fedosiya ba ta sake taka bakin kogi ba. 'Yarta ta kwashe ta zuwa birni, ta ajiye ta a bene hawa na huɗu kamar tsohuwar kujera. Tana nan zaune sai ga saƙo daga ƙauye, wai ƙanin mijinta Kondirat ya miƙe a taron gari ya ce gidan yayansa ya mutu, a ba shi dutsen.

A ƙauyensu na bakin Farin Teku kowane gida da dutsensa a inda kogi ke haɗuwa da teku. A kai ake tsayawa a jefa fatsa idan kifin semga ya baro teku zai hau kogi. Gidan da ya yi kaka biyu bai fid da kifi ko ɗaya daga dutsensa ba, an karɓe ke nan. Kifi kuwa na wanda ya ɗago shi daga ruwa da hannunsa ne. Wannan ce kaka ta biyu, ga ƙanƙara na dab da rufe bakin kogi.

Gida ya mutu? Tana raye, tana tauna baƙin burodi da haƙoranta? Ta ɗauko sandar fatsar mijinta daga ƙarƙashin gado, ta hau motar kaya mai zuwa ƙauyen ran Juma'a, mai juyowa ran Lahadi da azahar.

Da safiyar Asabar ta iske Kondirat a kan nasa dutsen, ɗan ƙarami, maƙwabcin nata.

"A'a! Matar Yaya! Ashe birni bai cinye ki ba?"

"Bai cinye ni ba. Kai ne ka binne ni a taro da raina."

"Ni fa tausayinki na ji. Dutsen nan da santsi, ga shekaru sun ja."

"Ran da na shigo gidanku majina ce har bakinka, ni na share. Kada ka yi min zancen shekaru."

Ya yi dariya, ya miƙo mata shayi. Ta karɓa, don shayi bai yi mata laifin komai ba.

Wunin ranar ta yi ta jifa tana naɗewa. Ƙugiyar tana jikin wani cokalin tagulla da Nikandar ya buge da guduma har ya yi kama da ɗan kifi. Cokalin ya je ya dawo, ya je ya dawo, babu abin da ya biyo shi sai ciyawar ruwa. Yatsunta suka sandare. Kondirat ya kama biyu, kowane sai ya ɗaga shi sama ya yi gyaran murya.

Ran Lahadi ta riga shi zuwa. Da hantsi ruwan teku ya fara cikowa, iska ta ɗauke ɗif. Tsuntsayen da ke ta ihu tun safe suka yi tsit. Sai ta ga ruwan ya yi duhu daga can nesa, duhun yana tahowa, alhali babu ko ɗigon gajimare a sama.

Kifi ne. Tun daga wannan gaɓa har waccan, baya a jikin baya, suna turo ruwa gabansu. Ɗaya ya yi tsalle, rana ta haske shi fari fat kamar azurfa, ya faɗa, wani ya tashi. Shekara arba'in da bakwai tana zuwa bakin kogin nan, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Daga wane zurfi suka fito? Wa ya gaya musu yau ce rana? Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, bakinta a buɗe, har ta manta abin da ya kawo ta.

"Matar Yaya," in ji Kondirat da wata 'yar murya, "jefa mana!"

Ta jefa. Cokalin bai gama nutsewa ba aka fizge sandar, saura kaɗan ta bi ta. Ta durƙusa, ta kafa gindin sandar a cikinta. Zare ya yi ta gudu yana kuka. Kifin ya nufi teku, ta bar shi. Ya tsaya, ta jawo. Ya sake tafiya. Kafaɗunta suka kama wuta, ba ta san ko minti nawa aka yi ba. Da ya gaji ya taso kusa da gindin dutsen, sai ta ga tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙirjinta.

Kondirat ya yar da tasa sandar, ya sungumi homa, ragar kwaso kifi, ya duro yana tuntuɓe. "Riƙe shi! Riƙe shi, ga ni nan! Wayyo Allah, dubi kansa!"

"Tsaya nan!"

"Zai tsinke, Matar Yaya! Ba mai fid da irin wannan shi kaɗai!"

"In ka sa masa homa, na wa ya zama?"

Ya tsaya cak da homar a hannu. Ta dubi fuskarsa, ta ga ba makirci ba ne wannan karon. Girman kifin ne ya mantar da shi. Amma taron gari ba ruwansa da mantuwa.

"Ja da baya," ta ce. "In ya tsinke, ya tsinke a hannuna."

Ta zauna, ta zame daga kan dutsen a hankali, sanda a hannu ɗaya, har ruwa ya kai mata ƙugu. Sanyin ya ɗauke mata numfashi. Kifin ya juya, jelarsa ta doke ta a cinya kamar an maka mata itace. Ta saki sandar, ta cusa yatsu a ƙarƙashin kumatunsa, ta rungume shi da ɗaya hannun. Ta ji ƙarfin teku gaba ɗaya yana motsi a ƙirjinta. Taku ɗaya, taku biyu, ta faɗi da shi a kan tsakuwar gaɓa.

Su biyun suka zuba masa ido. Kifin na kwance yana buɗe baki, bayansa shuɗi mai duhu, cikinsa fari, ƙwarin teku har yanzu manne a jikinsa. Jiya war haka yana can inda ba wanda ya taɓa zuwa. Fedosiya ta shafa gefensa, ta ce masa, "Yafe ni, bawan Allah." Sannan ta ɗauki dutse ta gama da shi da bugu ɗaya.

Kondirat ya cire hularsa. "Zan gaya wa taro abin da na gani."

"Da bakinka ka ce gidan ya mutu. Da shi za ka janye, a tsaye, kowa na ji."

"Na ji. Kawo in ɗaukar miki, kina rawar ɗari."

"Taɓa shi ka gani."

Ta saɓa kifin a kafaɗa, jelarsa na dukan bayan gwiwarta, ruwa na zuba daga siket ɗinta. Ta bi ta tsakiyar ƙauye zuwa ƙofar shugaban taro, ba ta bi ta bayan gidaje ba. Kondirat na biye da ita ɗauke da sanduna biyu, mata suna leƙowa ta tagogi.