Sabuwar Gwiwar Inna Fanna

"Wayyo Allah! Malam, sake ni! Na ce ka sake ni!"

Kubura ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da ledar ƙanƙara a hannu, ta rasa ko ta yi sallama ko ta juya. Inna Fanna na zaune a bakin gado, ta damƙe katifa da hannu biyu, zufa na tsattsafo mata a goshi. Mijinta Baba Mala na gabanta kan kujerar roba, ya riƙe ƙafarta ta dama yana tura ta baya a hankali, gwiwar na lanƙwasuwa.

"Saura ƙiris, Hajiya. Ai yau kin fi jiya."

"Jiyan ma haka ka ce. Kai dai tun kana saurayi ba ka da tausayi."

Ya yi dariya ya sauke ƙafar. Sai a lokacin suka lura da Kubura.

"Shigo 'yar nan, kin zo a daidai," in ji Baba Mala. "Ɗora mata ƙanƙarar, ko wutar bakinta ta mutu."

Kubura ta durƙusa ta gaishe su, ta naɗe ledar a tawul ta ɗora kan gwiwar. Tabon aikin ya miƙe daga saman gwiwa har ƙasa, baƙi, da alamun ɗinki a gefe da gefe. Gwiwar ta kumbura, tana da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu a unguwar Yalwawa. Kubura tana sayar da zoɓo da ƙanƙara, mijinta Kamilu yana jan adaidaita sahu a cikin Dutse. Tsofaffin kuwa mutanen Haɗeja ne, aikin gwamnati ya kawo Baba Mala tun lokacin da aka ƙirƙiro jiha, ya yi ritaya daga ma'aikatar gona bai koma ba. Tun da aka kawo Kubura amarya ta san Inna da ciwon gwiwa. Da farko man zafi ne da ƙwayoyi, daga baya sanda, daga baya ko banɗaki sai an riƙe ta. Ta daina zuwa suna da biki, ta koma sallah a kan kujera. Da aka ɗauki hoton ƙashin a Kano, likita ya ce guringuntsin ya cinye ƙarƙaf, ƙashi ne ke gogar ƙashi, magani sai a cire a sa na ƙarfe.

Ita da mijin duka 'ya'yansu suka kai Kano. Baba Mala ma ƙugunsa na hagu ya daɗe yana damunsa, yana tafiya yana karkacewa. Amma da aka auna zuciyarsa, likitoci suka ce ba za ta ɗauki aikin ba. Ya dawo yana ba maƙwabta labari yana dariya, wai an yi jarrabawa Hajiya ta ci shi ya faɗi.

'Yarsu Karima ta yi jinyar asibiti, ta biyo su Dutse ta zauna har aka cire zare, sannan ta koma gidanta Ringim saboda yara. Daga nan jinya ta koma hannun tsohon. Masu gashin ƙashi sun ja masa kunne: in aka bar gwiwar ta kwanta za ta sandare, aikin ya tashi a banza. Kada a sa matashin kai a ƙarƙashinta, a lanƙwasa ta safe da yamma ko ana kuka. Baba Mala ya riƙe maganar nan kamar yadda ya riƙe aikin ofis.

Wata rana da hantsi Kubura ta kawo ƙanƙara, ya ce ta ajiye ta matso.

"Zo ki koya. Sa hannu ɗaya nan ƙarƙashin cinya, ɗayan a idon sawu. Yawwa. To, tura."

"Baba, ina jin tsoro kar in ɓalla wani abu."

"Ƙarfen Turawa ne, ba ya ɓalluwa. In ta yi ihun farko, wannan na tsoro ne, kada ki kula. Sai kin ga ta yi shiru ta cije leɓe, to nan ne iyakarta, ki tsaya ki riƙe."

"Ka gama gallaza mini, yanzu kuma gayya ka yi," in ji Inna.

"Hannuna ne ya fara gajiya," ya ce.

Kubura ta dube shi. Sai ta ga ƙafafunsa sun cika silifas ɗinsa taf, fatar tana sheƙi. Da ya raka ta zaure ta yi ƙarfin hali ta tambaya.

"Baba, kana shan maganinka kuwa?"

"Ina sha, in na tuna."

"Ko in kira Anti Karima?"

"A'a, bar ta. Jiya-jiya ta koma wajen 'ya'yanta. Ranar da za a mayar da Hajiya ganin likita zan nuna musu tawa ƙafar."

Kubura ba ta ji daɗin amsar ba. Da daddare ta gaya wa Kamilu, shi kuma washegari ya tsare tsohon bayan sallar asuba har ya yarda aka kai shi asibiti a nan Dutse. Aka canja masa magani, aka hana shi gishiri, aka ce ya riƙa hutawa. Gishirin dai ya bari.

Damina ta kankama, duwatsun garin suka yi kore daga gindi, Inna ta fara samun ƙafa. Ta bar ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ta koma sanda. Ciwon da ta sani na shekaru, mai hana barci, ya tafi, saura na aikin kawai. Wata Laraba da la'asar Baba Mala ya ce yau za a fita waje. Inna ta sa babban mayafinta, har da turare. Kubura ta riƙe mata hannun hagu, shi yana dama da tasa sandar.

Layin duka ya san da fitowar. Mai kanti ya fito daga bayan teburinsa yana "Masha Allah, Hajiya, barka da arziki!" Matan da ke leƙe ta ƙofa suka yi ta sannu. Inna tana amsawa tana kallon ƙasa, tana tsallake kwata da kwatamin ruwan sama a tsanake. Suka kai ƙarshen layi, inda ake hango itatuwan dabino da babban dutsen da ke bayansu. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Ashe an yi bene a can," ta ce. "Yaushe?"

"Ya kai shekara uku," in ji Kubura.

A hanyar dawowa Baba Mala ne ya nemi a tsaya. Ya zauna kan dakalin wani gida yana haki, hularsa a hannu.

"Wai ni wa aka yi wa aikin nan, ni ko kai?" in ji Inna.

"Ke dai yi gaba, Hajiya. Ina nan tafe."

Ba ta yi gaba ba. Ta tsaya a kansa dogare da sanda har numfashinsa ya daidaita, ba ta ƙara zolayarsa ba.

Ranar Asabar da hantsi Kubura tana tsakar gida tana tace zoɓo, ta ji an turo ƙyauren gidan. Inna Fanna ce tsaye, ba mayafi, ba takalmi, ba sanda. Ita kaɗai ta ratso tsakar gidanta da zaure ta taka waje ta shigo.

"Kubura, zo ki ga Malam."

Kubura ta saki rariyar. Kamilu bai fita ba, yana wanke adaidaitarsa a ƙofar gida, ta ƙwala masa kira suka ruga.

Baba Mala na ƙasa a rumfar tsakar gida, ya zame daga kujerarsa, bayansa jingine da bango. Rediyonsa na gefe tana ta magana. Idonsa biyu, amma leɓɓansa sun yi toka, numfashin yana fita da wani irin kurari. Kamilu ya ce bari ya juyo da adaidaita bakin ƙofa, ya fita da gudu.

Inna ta iso bayansu tana dafa bango. Ta dubi mijinta a ƙasa, ta dafa kafaɗar Kubura, ta miƙe ƙafar aikin gaba, ta sulale har ta zauna daɓas a kan siminti. Rabonta da zama a ƙasa Kubura ba ta ma iya tunawa. Ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta.

"Malam. Malam, ga ni."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi inda take zaune.

"Wa ya saukar da ke?" ya ce da ƙyar.

"Ni na sauko. Yi shiru. La'ilaha illallah."

Ya maimaita. Ta sake faɗa, ya sake motsa baki. Kubura ta kashe rediyon, ita ma ta kama faɗa. Kafin Kamilu ya dawo da maƙwabta biyu, numfashin ya tsaya. Inna ta shafe idanunsa da tafin hannunta, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta gyara masa wuyan riga. Sai da maza suka ɗauke shi zuwa ɗaki sannan Kubura da wata maƙwabciya suka ɗaga ta, don ba ta iya tashi da kanta.

Aka kai shi bayan la'asar. Karima ta iso daga Ringim kafin a fita da shi, ɗansu Zaharadeen kuwa daga Kaduna ya taso, sai kabari ya tarar. Gida ya cika da mutanen Haɗeja da tsofaffin abokan aikinsa. Inna na zaune kan kujera a ɗaki cikin kayan takaba tana karɓar gaisuwa, kowa ya ce ya haƙuri ta ce da godiya. Ba wanda ya ga hawayenta.

Bayan sadakar bakwai jama'a suka watse. Karima ta yi ta fama uwar ta bi ta Ringim, Inna ta ce a ɗakinta za ta yi takaba. Aka bar mata wata ƙanwar Baba Mala, tsohuwa ita ma, ta taya ta zama.

Kubura na shiga safe da yamma, kullum sai ta tarar da Inna a kwance, fuska ga bango, da matashin kai a ƙarƙashin gwiwa. Ta kai ƙanƙara, Inna ta ce a ajiye. Ta yi maganar motsa ƙafa, Inna ta ce gobe. Kubura ta yi ta jin nauyin takura wa mai takaba, har ranar da ta ga Inna za ta shiga banɗaki tana jan ƙafar a miƙe kamar itace, ta koma dogara da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ta riga ta bari.

Washegari da safe Kubura ta shiga ta gaishe ta, ta zare matashin daga ƙarƙashin gwiwar ta ajiye kan akwati.

"Inna, tashi zaune."

"Bar ni, Kubura."

"Gwiwar tana sandarewa. In ta kama, sai an koma Kano an sa miki allurar barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Haka suka gaya wa Baba."

"To ta sandare mana. Ina zan je da ita?"

Idon Kubura ya ciko. Inna ta juyo ta dube ta.

"Ni aka gyara, shi ya tafi," ta ce a hankali. "Ina kallon ƙafafunsa suna kumbura, ina kwance ina yi masa ihu."

"Shi ya so, Inna. Ko ni da na yi masa magana bai ji ba."

"Ai ba ya ji. Shekara hamsin ban taɓa ganin ya ji ba."

Can ta yunƙura ta zauna, ta zuro ƙafafunta ƙasa. Kubura ta jawo kujerar roba ta zauna a gabanta, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin cinya, ɗayan a idon sawu, ta ce bismillah ta tura. Gwiwar ta yi tauri sosai. Inna ta ƙwala ihu, tsohuwar da ke taya ta zama ta leƙo a firgice, Kubura ba ta saki ba. Ta ci gaba da turawa kaɗan-kaɗan har Inna ta yi shiru ta cije leɓe. Nan ta tsaya ta riƙe.

"Hannunki ba irin nasa ba ne," in ji Inna ta cikin haƙora.

"Nawa ya fi zafi?"

"Ina! Nasa ya fi mugunta."

Dariya ta so yi, sai kuka ya zo. Ta yi shi sosai, kafaɗunta na girgiza, hawaye na ɗiga kan zanen takabarta. Kubura ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta sauke ƙafar a hankali, ta bar hannunta a kan tabon har kukan ya lafa. Sannan suka sake.

Haka suka ci gaba safe da yamma, wata rana da faɗa, wata rana shiru. Da lokacin ganin likita ya yi, Zaharadeen ya zo da mota ya kai ta Kano. Aka ce gwiwar ta ja baya amma ba ta kama ba, a dage.

Wata yamma hadari ya haɗu daga gabas, iska ta taso tana kaɗa langa-langa. Kubura ta tuna ta ga shanyar kuɓewa a tsakar gidan Inna, ta san kuma tsohuwar da ke taya ta zama ta tafi dubiya. Ta yafa mayafi ta nufi gidan da sauri.

A bakin zaure ta tsaya. Inna Fanna na tsakiyar gida, sandarta jingine can da randa. Ta ɗan rusuna, gwiwa a lanƙwashe, tana tattara gefunan buhun shanyar ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe da ƙullin a ƙirjinta, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta juya ta nufi rumfa a hankali, yayyafin farko na sauka a kan ɗankwalinta.