Safa a Bakin Bututu

Da la'asar ne, ana yayyafi a birnin Plovdiv, Kostadin ya durƙusa gaban akwatin gilashin kifayen da matarsa ta rasu ta bari. Uwar kifin ta haihu, amma injin tace ruwa sai zuƙe 'ya'yan yake ta bakin bututu. Kullum raguwa suke. In ya kashe injin kuma, ruwan ya ɓaci.

Ya san maganin. Marigayiyar takan ɗaure bakin bututun da guntun safar mata mai shara-shara, ruwa ya wuce, kifi ya tsira. Ya ɗauko safarta daga durowa, ya ɗauko almakashi, amma hannunsa ya ƙi yankawa.

Nevena, tsohuwar da ke ƙofar kusa, ta shigo mayar masa da tukunya.

"Maƙwabci, ɗinki ka kama da tsufanka?"

"Kifayen ne," ya ce, bai ɗago ba.

Ta dubi bututun, ta dubi hannunsa. Sai ta zauna, ta tuɓe tata safar, ta yanka, ta ɗaure bakin bututun da zare.

"Wankakkiya ce, daina yi mini wannan kallon."

Ta fice, ƙafa ɗaya ba safa. Shi kuwa kifayen yake ta kallo.