Kunne a Aljihu

"Zafi take yi, kuma caji ba ya kai ni azahar," in ji Sista, ta tura wayar ta ƙarƙashin gilashin shagon. "Ka sa mata sabon batir kawai, sauri nake."

Mai gyaran, wanda duk layin ke kira Tabarau, ya karɓa yana murmushi. "Ku ma'aikatan asibiti kenan. Ku shanya mu a benci tun safe, amma in kun zo wajenmu kowa sauri yake."

Ba ta yi dariya ba. Daga aiki take, fararen kayan na jikinta, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi. Wayar nan kuwa dole ta gyaru, domin da ita za ta gudu. Babbar Sista ta nemo mata canjin wurin aiki zuwa wani asibiti mai nisa, har da ɗaki a gidan ma'aikata. Ana ba da hutun makaranta za ta kama hannun 'yarta su bar gidan mijinta, ba sallama.

Tabarau ya yi ta latse-latse, murmushin yana raguwa. Can sai ya ɗago ya dube ta, ya ɗora yatsa a leɓe. Ya kashe wayar, ya jefa ta cikin wani gwangwanin biskit mai cike da matattun batura, ya rufe, sannan ya ƙara muryar rediyo.

"Shigo ki zauna, Sista."

"Lafiya?"

"Batirinki ƙalau yake. Aiki ne ya yi masa yawa, don wayarki mutum biyu take yi wa hidima."

Ta zagayo ta zauna a kan wata kujerar roba mai tsagaggen baya. Shagon ɗan ƙuƙut ne, warin dalma ya cika shi, fasassun fuskokin waya jibge a kwali.

"Akwai wata muguwar manhaja a ciki," ya ce. "Irin mai shigowa da rigar mutunci. Za ta ce miki ita ta wasa ce, ko ta makaranta, ki buɗe mata ƙofa da hannunki, sai ta ɓuya. Ba za ki ga hotonta a fuskar waya ba. Wadda ke cikin wayarki tana karanta saƙonni, tana faɗin inda kike, tana naɗar magana ko ba kira kike ba, ta aika wa wani. Wa ya taɓa ba ki wani abu ya ce ki sauke?"

Ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tuna. Farkon shekarar karatu mijinta ya turo mata wani abu, ya ce makarantar yarinya ce ta ce kowace uwa ta sa, don ganin sakamakon jarrabawa. Yana tsaye a kanta ta sauke. Abin ya yi ta tambaya, yana cewa danna "na yarda", ita kuma tana dannawa, hankalinta na kan tukunya. Sakamako dai ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta sake bi ta kai ba.

"Maganar da aka yi a ɗaki, ƙofa a rufe," ta ce a hankali, "ita ma yana ji?"

"In dai wayar na kusa."

Auta ce ta faɗo mata a rai, ƙanwarta da ta riƙa tun rasuwar mahaifiyarsu. A kicin suka taɓa zama su biyu, ta faɗa wa Auta ta gaji, tana neman hanyar fita. Da mijin ya dawo ya maimaita mata maganar kalma bayan kalma, sannan ya murɗe mata hannu sai da aka ɗora shi. To wa zai kai masa in ba Auta ba? Ta mare ta, ta kira ta munafuka mai cin amana, ta watsa mata kaya waje. Auta ta rantse har muryarta ta dushe. Ashe munafukar waya ce, tana kan firji, an jona ta a caji. Kunya da baƙin ciki suka rufe Sista, ta ji ta tsani hannunta na dama.

"Cire shi," ta ce. "Yanzun nan. Ka goge komai."

"Cirewa ba wuya. In kwashe miki hotuna, in wanke wayar tas, ki canza duk lambobin sirri, shi kenan." Ya cire tabaraun ya goge da gefen riga. "Amma bari in gaya miki gaskiya, don na taɓa cire wa wata ban yi mata wannan bayani ba, kuma ban ji daɗin yadda na gan ta daga baya ba. Wanda ya sa abin yana kallo daga tasa wayar. Da zarar ya daina samun saƙo, ya san kin gano. Wane ne?"

"Uban 'yata."

"Yana duka?"

Ta gyara riƙon jakarta. Ya kalli hannun da ta riƙe jaka da shi, bai sake tambaya ba.

A rediyo wani na tallan maganin basir da iyakar ƙarfinsa. Sista tana zaune tana bin kwanakin baya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta shiga ofishin Babbar Sista, wayar na aljihun rigarta. Sunan asibitin, ɗakin, ranar tafiya, duk a bakinta aka faɗa. Kuma tun daga ranar mutumin nan ya zama wani salihi. Ba tsawa, ba harara, har 'yar fara'a yake yi mata. Shi da bai san ƙofar ajin 'yarsa ba, sai ga shi ya ce ta huta, shi zai riƙa kai ta yana ɗauko ta. Ita kuwa, sakarya, har ta gode masa.

"Ƙarfe nawa? 'Yan makaranta sun tashi?" ta tambaya.

"An tashi makaranta tuni."

Wato yarinyar na hannunsa yanzu haka. In abin ya mutu da yammacin nan, ba gida zai kai ta ba. Yana da 'yan'uwa a wurare da yawa, kuma babu wanda zai buɗe wa Sista ƙofa a cikinsu.

"Akwai hukuma," in ji Tabarau, ba da wani ƙarfin gwiwa ba. "Abin da ya yi laifi ne. Zan iya ɗaukar miki hoton shaida."

"Kafin su gama tambayata sunan kakata, ya yi nisa da ita."

Bai musa ba. Ya miƙa mata tsohuwar wayarsa mai madannai. "Akwai wanda za ki kira? Wannan ba ta da wayon da za ta yi gulma."

Lamba ɗaya ta haddace a duniya. Ta danna, ta kara a kunne. Ta yi ta ƙara, sannan muryar Auta ta fito, siririya, tana sallama.

"Auta, ni ce. Yayarki."

Sai numfashi. Sai layin ya katse. Ta sake kira, aka ce wayar a kashe take. Ta mayar masa da abarsa, ta gode.

"Ka bar shi a ciki," ta ce.

"Sista."

"Ka bar shi yadda ka same shi. Ka sa sabon batir, ka ba ni tsohon in tafi da shi, don zai tambaya."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya buɗe gwangwanin. Ya fito da wayar ya sa mata sabon batir. Kafin ya kunna ya ce, "Daga na danna nan, ku biyu ne. Kada ki manta ko a banɗaki."

Ya danna. Fuskar wayar ta yi haske, ya ɗaga murya ya koma Tabarau na ɗazu. "To Sista, batir sabo fil. In ya sake zafi ki dafa shayi a kai."

"Na gode, Malam," ta ce, har da 'yar dariya.

Ba ta kai bakin titi ba wayar ta yi ƙara.

"Me ya sa wayarki a kashe?" Muryar mijin ce, a sanyaye, mai daɗi.

"Batir na canza. Ina yarinyar?"

"Ga ta nan, muna shan iska. Ki gaishe da Mama." Daga nesa ta ji 'yar muryar tana cewa Baba ya saya mata balan-balan.

"Ku dawo da wuri, zan yi girki."

"Sai mun gani," ya ce.

A cikin bas ta samu wuri a baya, tsakanin wata mai kwandon kaji da wani tsoho mai gyangyaɗi. Ta fito da wayar ta kira Babbar Sista, ta gyara murya yadda kowace kalma za ta fita sarai.

"Anti, maganar canjin nan, na fasa. Na yi tunani, gidana ya fi min. Maigidan ya canza sosai."

"Kin fasa? Kin san irin roƙon da na yi kafin a ba ki gurbin nan? Akwai masu jira, yau ɗin nan zan ba wata."

"Ki yi haƙuri, Anti."

"Allah ya kyauta miki," in ji matar, ta kashe.

Gobe za ta iya barin wayar a cikin akwatin ajiyar kayanta na asibiti ta je ta yi bayani, in gurbin ya kai gobe. Ta san da wuya ya kai. Ta sa wayar a jaka, ta rungume jakar a cinya.

Kuka ya taso mata. Ta dubi bakin jakar, ta danne leɓe da haƙori, ta haɗiye shi. Mace da ta zaɓi gidanta ba ta kuka a mota, kuma mijin yana ji.